In AI ya yi maka ƙarya, rigar wa za ka kama?

Mutumin da ba ya barin dubu goma ta kwana a akawun ɗinsa, da ya ji alat ya shigo zai figi babur sai gun mai POS ya cire abinsa ya soke a aljihu wai shi bai yarda da kuɗin da hannunsa bai taɓa ba, wlh shi ɗin dai za ka gani da daddare ya buɗe WhatsApp ya danna ɗan zoben nan mai shuɗi-shuɗi yana tambayar Meta AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai hira kamar mutum, wane magani zai ba yaronsa da ke zazzaɓi yana amai, kuma abin da aka rubuto masa shi zai je kemis ya ce a ba shi. Dubu goma ana kaffa-kaffa da ita, lafiyar ɗa kuma an miƙa wa abin da ba a san ma a wace ƙasa yake ba. Irin waɗannan mutanen suna da yawa fa, ba jahilai ba ne, akwai masu digiri a ciki, akwai 'yan kasuwar da in ka ce za ka cuce su naira ɗari a ciniki sai ka kwana kana gumi.

Ni dai yadda na fahimci mutanenmu, tun asali ba na'ura suke yarda da ita ko su ƙi ba. Tambayar da suke yi guda ɗaya ce, in abin nan ya lalace wa zan kama? In akwai wanda za a kama sai a saki jiki, in babu sai a noƙe. Wannan ma'aunin ya daɗe yana yi mana aiki, sai da waɗannan manhajoji masu hira kamar mutum suka zo ne muka ajiye shi a gefe ba tare da mun lura ba.

Ku tuna yadda tiransfa ta shiga jininmu. Ba wai wayar da kai aka yi mana muka gane ba, dole ce ƙanwar na ƙi. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN) na lokacin, ya fito ya ce za a canza fasalin naira 200 da 500 da 1000, sababbin suka fara fitowa 15 ga Disamba, aka ce zuwa 31 ga Janairu 2023 tsofaffin sun zama takarda, da aka ga abin ba zai yiwu ba aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya kwashi tsohon kuɗinsa ya kai banki, sabon kuma babu shi. Wanda ya ga wannan lokacin ba ya bukatar a ba shi labari, mutane suna kwana a layin ATM, ana sayen naira da naira, ka tura wa mai POS dubu goma ya miƙo maka takwas kuma har ka yi masa godiya, magidanci da miliyan a banki amma ya rasa ɗari biyar ɗin cefane. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, sannan aka fara numfashi. To a cikin waɗancan makonnin ne mai shayi da mai kayan miya da mai tsire da ɗan adaidaita suka rubuta lambar akawun a kwali suka liƙa, waɗanda da a ce ka faɗa musu haka wata uku kafin nan sai su ce ka raina musu hankali.

Kuma ku lura da wanda ya ci ribar abin. Manhajojin manyan bankuna da yawa durƙushewa suka yi saboda cunkoso, ka tura kuɗi a cire maka bai je ba, mai kaya ya riƙe kayansa kai kuma an riƙe kuɗinka, sai ku tsaya kuna kallon juna. Su OPay da Moniepoint da PalmPay kuwa kana turawa yana shiga, shikenan sai jama'a suka koma can, ba don sun san su waye masu kamfanin ba ko sun karanta wata takardar lasisi, a'a, gani ya kori ji ne kawai, an gwada da ɗari biyar ta je, an gwada da dubu biyar ta je, a hankali har aka kai ga dubu ɗari biyar. Sannan uwa uba akwai ɗan unguwa zaune ƙarƙashin lema da na'urarsa, an san gidansu an san babansa, in kuɗi ya maƙale gobe da sassafe kana bakin lemarsa. Shi ne fuskar abin. Yawancin tsofaffin da ke cewa sun yarda da tiransfa yanzu, in ka bincika da kyau yaron nan mai POS suka yarda da shi.

Ga eNaira nan, nairar waya da Babban Banki ya ƙirƙiro, a gefe guda ta ishe mu misali. Buhari da kansa ya ƙaddamar da ita ranar 25 ga Oktoba 2021, aka yi ta kuranta ta cewa ita ce irinta ta farko a Afirka, Babban Banki ne da kansa ya tsaya mata, har ragin kashi 5 cikin ɗari aka yi wa masu hawa adaidaita don dai a ja hankalin mutane. Amma wani binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da ya fito a 2023 ya nuna cewa kusan kashi 98.5 cikin ɗari na waɗanda suka buɗe asusun ba sa taɓa shi a mako. A takarda babu kuɗin waya da ya kai ta tsaro, tunda ba bankin da zai rushe da ita. To amma in ta maƙale wa za ka je wa? Ka je Abuja ka ce kana son ganin gwamnan CBN? Ko a tsakiyar wahalar kuɗin nan da ake neman kowace irin mafita, ban ga mai kayan miya ko ɗaya ya rubuta eNaira a kwalinsa ba.

Har yau ɗin nan kuma yardar da aka yi wa tiransfa da sharaɗi ce. Je ka Kantin Kwari ko Singa ko Farm Centre ka nuna wa ɗan kasuwa rasit a wayarka ka ga ko zai kalle shi ma. Zai ce maka Alhaji bari ya shigo tukun. Wasu ko saƙon alat ɗin ba sa yarda da shi, sai sun buɗe manhaja sun ga balans ya ƙaru da idonsu, saboda 'yan alat ɗin bogi sun koya musu hankali, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wannan ni ban kira shi ƙauyanci ba, wayewa ce ta gaske, mutum ya san iyakar inda na'ura za ta iya yaudararsa ya kuma san yadda zai tabbatar.

Kuma ba yau aka fara ba. Kafin a san wani abu banki a waya, kuɗi na tafiya daga Kano zuwa Legas ko Maraɗi ko Agadas a hannun direban mota ko ta bakin wani Alhaji da zai buga waya ya ce a ba wane kaza, ba rasit ba sa hannu, amma kowa ya san in aka ci amana sunan gidan wane ne ya ɓaci har jikoki. A Nijar har gobe mutane sun fi sakin jiki da su Nita da Al Izza da Amana, ka shiga shago ka ga mutum ka miƙa masa kuɗi ɗan'uwanka ya je wani shagon a Damagaram ya karɓa. A ɓangaren karatu ma haka muka taso, almajiri ba ya cewa na gani a littafi kawai, cewa yake na karanta a gun malam wane shi kuma ya karanta a gun wane. Maganar Ibn Sirin da ke cikin gabatarwar Sahihu Muslim kowane ɗalibi ya santa, cewa wannan ilimin addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Ko rikicin allurar foliyo da aka yi a Kano a 2003, wanda mutanen waje suka yi ta zaginmu a kai, tushensa ke nan, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi wa yara 200 a lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma ba a dawo da rigakafin ba sai a Yulin 2004 bayan an kawo wanda aka yi a Indonesiya. Ƙin allurar ya jawo asara babba, yara sun shanye a banza, wannan ba a musu. Amma tambayar da mutane suka yi ita ce dai waccan, daga hannun wa ya fito.

Zaɓen 2023 kuma ya ƙara ɓata lamarin, an yi wata da watanni ana ce mana BVAS mai tantance masu zaɓe da shafin IReV na ɗora sakamako sun kashe maguɗi, sakamako zai hau intanet daga rumfa kai tsaye, ranar 25 ga Fabrairu ta zo na 'yan majalisa yana hawa na shugaban ƙasa ya ƙi, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Ko ma mene ne gaskiyar abin, darasin da talaka ya ɗauka shi ne na'ura tana da mai ita.

To duk wannan taka-tsantsan ɗin ina ya tafi da aka zo kan masu hira?

Farkon zuwansu ai ba wanda ya ɗauke su da daraja. UBA ta fito da manhajar hirarta mai suna Leo a Janairun 2018 a Facebook Messenger, daga baya ya koma WhatsApp, wasu bankuna da kamfanonin waya suka bi sahu kowa da sunan da ya raɗa wa nasa. Don duba balans da sayen kati ba laifi. Amma ranar da kuɗinka ya maƙale, ranka a ɓace, ka rubuta doguwar magana wani abu ya amsa maka da zaɓi ɗaya zaɓi biyu zaɓi uku, ka sake rubutawa ya sake jero maka su, a nan ne za ka ji mutum yana yi wa waya tsawa shi kaɗai a ɗaki, ni mutum nake so a haɗa ni da shi! Na taɓa fama da na wani banki a kan kuɗin da aka cire mini bai je ba, yana ta ba ni haƙuri cikin ladabi kamar ya san zafin abin, ƙarshe dai sai da na taka na je reshe na zauna gaban wata ma'aikaciya na cike fom sannan aka dawo da shi. Irin waɗancan ba su taɓa samun yardar kowa ba domin tun daga jimla ta biyu ka san da inji kake magana.

Sai ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamba 2022, daidai lokacin da mu hankalinmu na kan canjin kuɗi, 'yan jami'a ne suka fara cafe shi. Wanda ya shiga gidan kowa kam Meta AI ne, da aka saka mana shi a WhatsApp a Afrilun 2024, Najeriya da Ghana na cikin ƙasashen farko-farko da aka kai wa bayan Amurka. Ba wanda ya nema ba wanda ya sauke, an wayi gari kawai an gan shi a saman hirar iyali da guruf ɗin 'yan ajinmu. Kuma wannan ya bambanta da su zaɓi ɗaya zaɓi biyu, yana amsa sallama, yana ce maka sannu da jiki, ba ya gajiya, ba ya ce maka dawo gobe, ba ya yi maka kallon kai ko wannan ba ka sani ba. Wanda ya taɓa yin awa biyar a layin asibitin gwamnati likita ya sallame shi cikin minti biyu ko ɗago kai bai yi ba, in ya samu abin da zai saurare shi ƙarfe biyun dare ya yi masa bayani dalla-dalla kyauta, kar ka ga laifinsa in ya saki jiki. Mata musamman, akwai tambayoyin da mace ba za ta iya yi wa likita namiji ba, ba za ta iya yi wa malam ba, ko uwarta tana jin nauyi, amma za ta rubuta wa wannan abin tunda ba ya da ido.

Kuma wannan rauni ba namu ne mu kaɗai ba. Tun 1966 wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa wata 'yar manhaja mai suna ELIZA wadda ba abin da ta iya sai juya maka maganarka ta zama tambaya, ka ce mata ina cikin damuwa ta ce me ya sa kake cikin damuwa. Sakatariyarsa da ta ga lokacin da yake haɗa abin da idonta, da ta fara hira da ita sai ta ce masa don Allah ya ɗan fita ya ba su wuri. Abin ya tayar masa da hankali har ya koma yana gargaɗin mutane a kan irin wannan fasaha. In wancan abin wasan yara ya iya haka, ina ga na yanzu.

Abin da nake so mutanenmu su gane shi ne yadda abin yake aiki, don da yawa sun ɗauka wani katon littafi ne da aka tara gaskiyar duniya a ciki yake buɗowa ya karanto maka. Ba haka ba ne. An ɗura masa rubuce-rubuce masu yawan da ba sa ƙirguwa ne, ya koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace, sai yake jera su ɗaya bayan ɗaya, daga baya kuma aka sa mutane suka yi ta gyara masa salon amsa har ya iya magana mai daɗin ji. Sau da yawa abin da ya fi dacewa ya biyo baya shi ne gaskiya, shi ya sa yake burge mu. Amma inda bai da abin faɗa ma jerawa zai yi, da murya iri ɗaya da ƙarfin gwiwa iri ɗaya. Kamar yaron tasha ne da ka tambaye shi kwatance, ba zai taɓa ce maka bai sani ba, zai nuna maka hanya da hannu har da cewa in ka ga gidan mai ka yi dama, kuma shi bai taɓa zuwa unguwar ba.

Lauyoyi ma sun faɗa. A 2023 a birnin New York wani lauya da ya kwashe shekaru yana aiki ya shigar da takarda kotu a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jirgin Avianca, ya kafa hujja da tsofaffin shari'o'i guda 6 da ChatGPT ya ba shi, da sunayensu da lambobinsu da maganganun alƙalai, ashe ko ɗaya ba a taɓa yi ba. Abin dariyar ma sai da ya tambaye shi, waɗannan shari'o'in na gaske ne? ya ce masa ƙwarai kuwa. Alƙali ya ci lauyan da abokin aikinsa da kamfaninsu tarar dala 5,000. To ka ɗauko wannan ka kawo shi kan ɗalibinmu da ke rubuta furojet ɗin gama digiri, ya jera sunayen littattafan da babu su a duniya, ko ka kawo shi kan abin da ya fi tsorata ni, wato hadisi. Yanzu ana musu a guruf kan wata mas'ala sai wani ya turo skirinshot, ga abin da AI ya ce, da larabcinsa da Bukhari ne ya ruwaito da lamba, kowa ya yi shiru. Wani lokaci daidai ne, wani lokaci lambar ta wani hadisin ce daban, wani lokaci maganar ma gaba ɗaya ba ta da asali. Mutanen da in baƙon malami ya hau mumbari sai sun tambayi a ina ya yi karatu, su ne ke tura fatawar abin da ba ya da malami ba ya da mazhaba, kuma in ka matsa masa ka ce a'a ba haka ba ne sai ya ba ka haƙuri ya koma bayanka.

Wannan komawa bayan mutum ɗin ma matsala ce mai zaman kanta. A Afrilun 2025 sai da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kanta ta janye wani sabon gyara da ta yi wa ChatGPT saboda ya zama ɗan amshin Shata, duk abin da ka kawo sai ya ce ka yi daidai, kai haziƙi ne. Ka yi tunanin miji da mata sun yi faɗa kowa ya shiga ɗakinsa ya ba shi labari ta ɓangarensa, kowa zai fito da takardar shaidar cewa shi ke da gaskiya. Da wajen kawu ko gwaggo aka je, ko ba komai za su ce bari mu ji ta bakin ɗayan.

Da Hausa kuma abin ya fi muni, don rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Turanci, to abin da ya koya kaɗan ne. Google Translate ya saka Hausa tun ƙarshen 2013 kuma har yau muna dariyar wasu fassarorinsa. Waɗannan sababbin sun fi shi nesa ba kusa ba, amma ka ce ya ba ka karin magana goma, uku za ka ji ka san su, sauran shi ya ƙera abinsa yanzun nan, ko ka tambaye shi tarihin sarautar wani ƙaramin gari ya haɗa maka sunayen sarakuna tsaf kamar ya zauna a fada. Wanda ya san abin zai yi dariya ya wuce, wanda bai sani ba zai kwafa ya saka a Facebook, gobe wani ya kafa hujja da shi.

'Yan damfara kuwa tuni suka gane cewa sunan AI kaɗai ya isa ya kashe wa mutum jiki. Harkar zuba jari ta bogi mai suna MMM ta kwashe kuɗin mutane a Disambar 2016 muka ce an yi hankali, sai ga CBEX, su kuma da suka zo cewa suka yi ƙirƙirarriyar basira ce ke yi musu cinikin kirifto shi ya sa ba a faɗuwa, ka zuba kuɗi cikin kwana 30 ya ninka. A Afrilun 2025 aka wayi gari ba a iya cire ko sisi, mutane suka fasa ofishinsu na Ibadan suka kwashe kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, EFCC ta shiga maganar. Da wani mutum ne ya tsaya a kasuwa ya ce kawo dubu ɗari in ba ka dubu ɗari biyu wata mai zuwa, da an ce masa banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma da aka ce kwamfuta ce mai basira sai aka ga ai ita ba ta kuskure. Ga kuma bidiyoyin bogi da ake haɗawa da fuska da muryar manyan attajirai ko masu karanta labarai wai suna tallar wata harkar zuba jari, bakin yana motsi daidai da maganar, tsoho ya gani ya ce ai da idona na ga Alhaji wane yana faɗa.

Kar a ce na tsani abin, ina amfani da shi kusan kullum. Takardar neman aiki, gyara Turancin wasiƙa, lissafin Excel da ya ƙi fita, ko a ba ni takardar gwajin asibiti cike da kalmomin da ban gane ba in ce ya warware mini su don in san me zan tambayi likita, a nan kam ya fi wasu mutanen amfani. Abin da na lura shi ne duk inda yake yi mini aiki mai kyau wuri ne da ni da kaina zan iya duba abin in gane in ya kauce, wasiƙa zan karanta ta, lissafi zan gwada shi in ga ko ya fita. Inda ba zan iya dubawa ba, kamar adadin maganin da za a ba jariri ko rabon gado ko hukuncin saki, a nan ne nake ja da baya, domin in ya faɗa mini daidai da in ya faɗa mini shirme duk iri ɗaya za su yi mini a ido.

Sai maganar sirri, wadda kusan ba mai tada ta. Mutane na zuba wa abin nan cikinsu, rashin lafiyar da ko matarsu ba ta sani ba, rikicin gida, hoton katin NIN, takardar fili, wasu har bayanan banki. Mun manta da abin da manhajojin ba da bashi suka yi mana, ka danna na yarda ba ka karanta ba, su kwashe duk lambobin wayarka, ka yi lattin biyan dubu goma su tura wa surukinka da limamin unguwarku saƙo cewa kai ɓarawo ne, sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022, Google ma ya hana su taɓa lambobin mutane a 2023. Ita dai FCCPC ɗin ce ta ci Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Hirarka da ɗan'uwanka a WhatsApp a kulle take, amma abin da ka rubuta wa Meta AI kamfanin ka rubuta wa, wannan su da kansu sun faɗa.

A Kanada an taɓa gwada kama rigar. Wani mutum kakarsa ta rasu a 2022, ya shiga shafin Air Canada ya tambayi manhajar hirarsu game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza, ta ce masa ya sayi tikiti kawai daga baya ya nemi a mayar masa da ragin, ya saya, da ya nema kamfanin ya ce dokarsu ba ta ce haka ba. Ya kai ƙara, kamfanin ya tsaya a gaban hukuma ya ce wai manhajar ita ke da alhakin maganarta ba su ba. A Fabrairun 2024 aka yi watsi da wannan zance aka ce abin da ke shafinku naku ne, su biya shi kusan dalar Kanada 812. Shi ya ci sa'a domin manhajar ta kamfani ce mai ofis da adireshi, kuma alƙawarin kuɗi ta yi masa.

Mu a nan in banki ya riƙe maka kuɗi akwai hanya ko da mai wahala ce, ka kai koke reshe, in mako biyu ya wuce ba su warware ba ka rubuta wa sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN, in bankin ma ya rushe kamar yadda Heritage ya yi a Yunin 2024 akwai hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC da ke biyan masu ajiya har naira miliyan 5. In mai kemis ya ba ka maganin da ya cutar da ɗanka ka san shagonsa, akwai mai unguwa akwai 'yan sanda akwai hukumar da ta ba shi lasisi. Su kuwa ChatGPT da Meta AI, a ƙasan allon ko a cikin dogon sharaɗin nan da ba mai karantawa sun riga sun rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa abin yana iya yin kuskure, ka binciki muhimman bayanai da kanka. Da Turanci suka rubuta, kuma yawancin masu tambayarsa maganin zazzaɓi da Hausa ba su taɓa kai ido wurin ba.